Ina Masu Saye Suka Tafi? Lacca a Kan Shagunan Ƙananan Garuruwa

 

An ce in yi magana a kan abin da ke sa mai shago a ƙaramin gari yake rasa masu saye, suna komawa wurin wanda ya fi shi araha. Na san amsar da ake bayarwa a kan benci a bakin shago bayan la'asar. Ana cewa mutanen yanzu ba su da alkawari. Ka yi shekara da shekaru kana ba mutum bashin sukari da sabulu, matarsa ta haihu ka ɗaga masa ƙafa, amma ran da kuɗi suka shigo hannunsa sai ka hango shi yana saukowa daga motar birni da kwali a kai, ya wuce ƙofar shagonka yana ɗaga maka hannu. Wannan abu yana da ciwo, ba na musu. Sai dai ina so mu ajiye halin mai saye a gefe tukuna, domin a ganina ana cin mai shago da yaƙi ne tun a wurin sari, kafin ma kayan su iso kan kantarsa.

Zan ɗauki misalina daga Amurka. Dalili kuwa shi ne a can wannan rigima ta kai shekara 150 ana yin ta, an gwada zanga-zanga, an gwada doka, an gwada haɗin kai, kuma an rubuta abin da kowanne ya haifar. Zan taɓo namu daga baya.

A shekarar 1872 wani ɗan kasuwa a Chicago mai suna Montgomery Ward ya fara buga takardar jerin kaya da farashinsu yana aika wa manoma, su zaɓa, su aiko da kuɗi ta gidan waya, a sako musu kayan a jirgin ƙasa. Kamfanin Sears ya biyo baya da littafinsa da ya yi ta kauri har ya kai ɗaruruwan shafuka, tun daga allura har keken ɗinki da garma. A 1896 gwamnati ta fara kai wasiƙu har ƙofar gidajen karkara kyauta, a 1913 kuma gidan waya ya fara ɗaukar ƙunshin kaya. Daga ranar manomi ya san farashin da ake sayar da abu a Chicago, alhali da can ba ya sanin kowane farashi sai wanda mai kantin garinsu ya faɗa masa. Masu kantuna sun fusata ƙwarai. A wasu garuruwa har tara littattafan ake yi a tsakiyar gari a cinna musu wuta. Littafin ya ƙone, amma farashin da mutum ya riga ya gani bai fita daga kansa ba.

Kada mu yi saurin tausaya wa mai kantin wancan zamani gaba ɗaya. A kudancin Amurka, manomi baƙar fata yana cin bashi a kantin Bature tun daga shuka har girbi, a kan farashin da aka ga dama, littafin lissafin kuma yana hannun mai kanti shi kaɗai. In ya shiga kanti sai ya jira an gama sallamar farare. Littafin Sears bai san launin fatar wanda ya aiko da kuɗi ba. Ga irin wannan mutum, baƙon kamfani daga nesa sauƙi ne Allah ya kawo masa. Na faɗi wannan ne don duk inda shago ɗaya ne tak a gari, mai shi yakan manta cewa wasu da ke zuwa wurinsa dole ce ta kawo su, kuma ran da dolen ta kau za su tafi ba sallama.

Sai kamfanin A&P, masu sayar da kayan abinci. A 1912 suka fito da wani sabon salon kanti: ɗan ƙarami, ma'aikaci ɗaya, ba bashi, ba kai wa mutum kaya gida. Ka biya, ka ɗauka, ka tafi. Abin da suka rage na ɗawainiya suka mayar da shi ragi a farashi. Zuwa 1930 suna da kantuna kusan 16,000. Ƙananan 'yan kasuwa da dilolinsu suka tayar da ƙura, jihohi fiye da 20 suka ɗora haraji na musamman a kan kamfanoni masu rassa da yawa, kuma a 1936 majalisar ƙasa ta yi dokar da ake kira Robinson-Patman, wadda ɗan majalisa Wright Patman na Texas ya yi wa jagora. Ku lura da abin da dokar ta nufa. Ba ta hana kowa sayarwa da araha ba. Abin da ta hana shi ne masana'anta ta sayar wa babban kamfani kaya a farashi ɗaya, ta sayar wa ƙaramin mai kanti kaya iri ɗaya a farashi mafi tsada, ba tare da wani bambancin ɗawainiya da zai halatta hakan ba. Wato tun shekara 90 da suka wuce masu kantuna sun gane inda ake cutarsu.

Mutumin da ya fi kowa fahimtar wannan shi ma mai shagon ƙaramin gari ne. Sam Walton ya sayi kantinsa na farko a 1945 a garin Newport na jihar Arkansas, gari mai mutum kamar 7,000. Kantin yana ƙarƙashin wani tsari ne mai suna Ben Franklin, wanda ya wajabta masa sayen mafi yawan kayansa daga uwar kamfani a farashin da suka yanka. Bai daɗe ba ya ga cewa ribar tasa a can take maƙalewa. Sai ya riƙa ɗaura wa motarsa tirela, in ya rufe kanti ya kama hanya har jihar Tennessee yana neman masu ba shi kaya da sauƙi. Lissafin da ya gano, wanda shi da kansa ya bayyana daga baya, kowane ɗan tireda zai gane shi. Abin da ka saro santi 80, in ka sa masa dala 1 da santi 20, ribarka santi 40 ce a kan guda. In ka sa masa dala 1 cif, ribar ta koma santi 20, amma za ka sayar da uku a maimakon ɗaya, ka tashi da santi 60.

A 1950 mai ginin ya ƙi sabunta masa haya, ya koma Bentonville ya sake farawa. Ranar 2 ga Yuli 1962 ya buɗe Walmart na farko a garin Rogers. A shekarar ne kuma aka buɗe Kmart da Target, amma su manyan birane suka nufa. Kmart ba ya waiwayar garin da bai kai mutum 50,000 ba. Walton ya bi garuruwan da aka raina, har masu mutum 5,000, domin ya lura cewa in kanti yana da girma kuma yana da araha, ba mutanen garin kaɗai zai ja ba, har na duk ƙauyukan da ke kewaye za su tuƙo mota su zo. Ya koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama, yana shawagi yana duba inda hanyoyi suka haɗu kafin ya sayi fili.

Abin da ya fi muhimmanci mai saye ba ya ganinsa. Walton yakan gina katafaren sito, sannan ya jera kantuna kewaye da shi, kowanne bai wuce tafiyar yini guda a babbar mota ba. Kaya suna zuwa sito kai tsaye daga masana'anta, ba babban dila, ba ƙaramin dila, ba ɗan kamasho. A 1987 kamfanin ya kammala haɗa kantunansa da hedikwata ta tauraron ɗan'adam nasa na kansa, ta yadda abin da aka sayar yau a wani lungu, an san shi a Bentonville, an kuma san abin da ya yi kwantai. Daga 1988 suka fara haɗa kayan abinci da sauran kaya a rufi ɗaya. Kafin Walton ya rasu a 1992 Walmart ya zama kamfanin sayar da kaya mafi girma a Amurka. Yau yana da ma'aikata sama da miliyan 2 a duniya, cinikinsa na shekara ya haura dala biliyan 600, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na Amurkawa suna zaune ne a tazarar da ba ta wuce mil 10 daga wani kantinsa ba.

Mai irin wannan girma ba ya tambayar masana'anta nawa ne kaya, shi ne yake faɗa mata nawa zai biya. Kamfanin Procter & Gamble, masu yin Ariel da Pampers da muka sani a nan, kimanin kashi 15 cikin 100 na duk abin da suke sayarwa a duniya Walmart ne ke saye. Sai da suka buɗe ofis a kusa da Bentonville saboda wannan abokin ciniki guda. To ku gaya mini, in mai shagon garinku da Walmart suka nemi ragi a wurin kamfani ɗaya, wa za a saurara? Shi ya sa masu ƙananan kantuna a can suka sha kokawa cewa farashin da suke gani a kantar Walmart, wanda aka riga aka ɗora wa riba, wani lokaci ya fi wanda dilansu ke ba su a sari sauƙi. Mutumin da yake cikin wannan hali, ko ya kwana a shago, ko ya yi wa kowa fara'a har haƙoransa su bushe, ba zai kamo farashin ba.

Akwai kuma saurin juya jari, wanda mu ba mu cika lissafa shi ba. A ce mutum biyu kowanne yana da jarin naira miliyan 1. Na farko yana ɗora ribar kashi 20, kayansa suna ƙarewa sau 4 a shekara, ya samu 800,000. Na biyu yana ɗora kashi 8 kacal, amma kayansa suna ƙarewa kowane wata, sau 12, ya samu 960,000. Na biyun ya fi araha a idon kowa, ya kuma fi samun kuɗi. Mai shagon ƙaramin gari ba mugunta ce ta sa shi ɗora riba mai yawa ba, mutanen da ke wucewa ta ƙofarsa ne ba su da yawa. Kuma kowane mutum ɗaya da ya rasa yana ƙara jinkirta juyawar kayan, ya tilasta masa ƙara farashi, ƙarin farashin ya kori na gaba.

Wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Jihar Iowa, Kenneth Stone, ya bi diddigin abin da ya faru bayan Walmart ya shiga jiharsu a 1983. Ya fitar da bincikensa na farko a 1988, ya ci gaba da bibiya. Abin da ya gano yana da ban sha'awa domin bai zo yadda kowa ya zata ba. A garin da aka kafa Walmart, jimillar ciniki takan ƙaru da farko, saboda baƙi suna shigowa. Masu sayar da abin da Walmart ba ya sayarwa, irin su gidajen abinci, har sukan amfana da cunkoson. Masu sayar da kaya iri ɗaya da nasa su ne ke shan wuya. Amma waɗanda suka fi kowa asara su ne ƙananan garuruwan maƙwabta da ba a kafa musu komai ba. A rubutunsa na 1997 ya ce wasu daga cikinsu sun rasa har kashi 47 cikin 100 na cinikinsu a cikin shekara 10. Mai shago a irin wannan gari bai taɓa ganin abokin gasarsa a layinsu ba. Kwalta ce da mota suka kwashe masa mutane.

Yanzu bari mu koma kan mutumin nan mai kwali a kai. Muna cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne in ana maganar shadda ko takalmi. Amma gwangwanin madara na kamfani ɗaya, ko a ina ka saye shi, shi ne dai. Magidanci mai 'ya'ya bakwai da albashin da ba ya kai shi ashirin ga wata, in ya ga inda zai rage ɗari biyar a kan abu iri ɗaya, ba ni da bakin da zan ce masa ya ci amana. Masu bincike a Amurka sun nuna cewa sauƙin farashin manyan kantuna ya fi amfanar masu ƙaramin ƙarfi, domin su ne abinci ke cinye kaso mafi girma na abin da suke samu. Duk wanda zai kare ƙaramin shago ta hanyar cewa talaka ya daure ya sayi tsada, ya ɗauko shari'ar da ba zai ci ba.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne yadda masu saye suke rabuwa gida biyu, kuma rabon ba na adalci ba ne. Mutum ɗaya ne, amma ran da yake da kuɗi a hannu na babban kanti ne, ran da ba shi da su na maƙwabcinsa mai shago ne. Cinikin da ke da tsabar kuɗi, mai yawa, mai sauri, ya tafi birni. Abin da ya rage wa mai shago shi ne ashana da dare, magi na hamsin, da “rubuta mini zuwa ƙarshen wata”. Ya zama kamar tsohuwar rijiyar unguwa, ba a tunawa da ita sai ran da famfo ya ɗauke. Bashin nan da yake bayarwa hidima ce ta gaske, wadda babu bankin da zai yi wa waɗannan mutane, amma ba ya cajin ko kwabo a kanta, jarinsa ne kawai ke kwance a gidajen mutane. A&P sun gane tun 1912 cewa in ka cire bashi daga ciniki za ka iya rage farashi. Ba su kawar da buƙatar bashi daga duniya ba, sun bar wa wani ne ya ɗauka.

Da mai shago ya ce to, aƙalla ina da kusanci, ina kuma sayar da ƙanana, sai ga wani ya zo ya karɓe wannan ma. Kamfanin Dollar General, wanda ya buɗe kantinsa na farko mai wannan suna a 1955 a jihar Kentucky, ya kai kantuna 20,000 a 2024, mafi yawansu a garuruwan da ba su wuce mutum 20,000 ba, har da waɗanda Walmart ya ga sun yi masa ƙanƙanta. Gini ne mai sauƙi, ma'aikata kaɗan, kaya a ƙananan mazubi. Kuɗin da za ka miƙa kaɗan ne, ko da yake in ka auna da nauyi, sau da yawa ka fi mai sayen babba biya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ita ce ta madarar leda da ƙullin omo. Illar da ake kuka da ita a can ita ce, irin waɗannan kantuna suna ɗauke cinikin kayan gwangwani da sabulu da lemo, inda mai kantin abinci yake samun ribarsa, su bar masa nama da ganye da 'ya'yan itace masu lalacewa. In ya rufe, gari ya rasa inda zai sayi ɗanyen abinci. Abin ya kai birnin Tulsa a jihar Oklahoma ya yi doka a 2018 ta taƙaita buɗe su kusa da juna a wani sashe na birnin.

Akwai wani ƙaramin gari a bakin ruwa a jihar North Carolina mai suna Oriental, mutanensa kamar 900. Suna da kantin abinci guda da ya shekara 44 yana aiki. A 2014 Walmart ya buɗe ɗan ƙaramin reshe a garin, cikin wani gwaji da yake yi. A Oktoban 2015 tsohon kantin ya rufe. A Janairun 2016 Walmart ya sanar da rufe kantuna 269 a duniya, 154 daga ciki a Amurka, har da duk ƙananan rassan gwajin nan guda 102, na Oriental na cikinsu. Aka wayi gari ba tsohon, ba sabon, sai da aka yi watanni kafin wani ya buɗe kanti a ginin. A wurin kamfanin, gwaji ne bai yi ba, aka soke shi a takarda. Ga tsohuwar da ba ta tuƙi kuwa, abincinta ne ya koma wani gari. Wannan ita ce tsadar da ba a rubuta ta a jikin kaya, kuma babu mai saye guda da za a ce shi ya jawo ta, domin kowa ɗari biyar ɗinsa kawai ya rage.

Me aka gwada, me ya yi aiki? Kiran a tausaya, a sayi na gida, yana tasiri na mako biyu. Dokar Robinson-Patman tana nan a littafi, amma daga ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta yi sanyi wajen aiki da ita, bisa ra'ayin cewa duk abin da ya sauko da farashi alheri ne. A cikin wannan sanyin ne Walmart ya yi girmansa. A Janairun 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta kai PepsiCo kotu bisa zargin fifita wani babban kanti a farashi, kafin watan Mayu ya ƙare sababbin shugabannin hukumar suka janye ƙarar. Wani gari a Florida mai suna Baldwin, da kantinsa ɗaya ya rufe, hukumar garin da kanta ta buɗe kanti a 2019, ba don riba ba. A 2024 shi ma ya rufe. Ko da ka yafe riba, in kana saro kaya da tsada, da tsada za ka sayar.

Abin da ya daɗe yana aiki shi ne haɗa sari. A Berlin ta Jamus, a 1898, 'yan kasuwa 21 masu kantunan kayan masarufi suka haɗu suna sayen kaya tare. Daga wannan ne Edeka ta samo asali, wadda a yau ita ce kan gaba wajen sayar da kayan abinci a Jamus, kuma dubban kantunanta mallakar 'yan kasuwa ne masu zaman kansu. Walmart ya shiga Jamus a 1997, ya tarar da su da irin su Aldi, ya tarar kuma da hukuma da ta umarce shi a 2000 ya daina sayar da wasu kayan abinci ƙasa da yadda ya saro su. A 2006 ya sayar da kantunansa 85 ya fita. A Amurka ma akwai IGA da aka kafa a 1926 don masu kantunan abinci, da Ace Hardware ta masu kayan gini da gyaran gida, wadda masu shagunan ne da kansu suka mallake ta, suna da sito ɗaya da motoci ɗaya, kowa kuma yana riƙe da shagonsa da sunansa. Waɗannan sun rayu kusa da manyan kantuna domin sun je wurin masana'anta da oda mai nauyin da za a saurare su. A&P kuwa, wanda aka yi wa doka saboda tsoronsa, ya rufe gaba ɗaya a 2015, Sears ya durƙushe a 2018. Kowannensu ya haɗu da wanda ya fi shi iya sari.

To mu fa? Kada wani ya fita daga nan yana jiran Walmart. Shoprite ya buɗe a Ado Bayero Mall a Kano a 2014, ya rufe a farkon 2024, Kasuwar Singa kuwa tana nan cike. Babban kanti mai na'urar sanyaya ɗaki, mai biyan haya da dizal, bai fi kasuwarmu araha ba. Abin da ke cin mai shago a ƙaramin gari a nan ya fi kama da abin da Stone ya gani a Iowa da abin da littafin Sears ya yi: hanya da sanin farashi. Yau matar aure tana ɗakinta za ta ga atamfa a WhatsApp, ta tura kuɗi ta waya, direba ya kawo mata saƙon tasha kafin magariba. Babban dila da a da ba ya buɗe kwali, yanzu yana sayar da ɗai-ɗai a farashin da ya kusa da na sari, wato yana gasa da mutumin da yake saro kaya a wurinsa. Irin kukan da 'yan Kantin Kwari suka yi ke nan a kan 'yan China da ke kawo yadi daga masana'antunsu su kuma zauna su sayar da kansu, har jami'an shige da fice suka kama wasu a Kano a 2012.

Muna kuma da ciwon da ɗan Iowa bai sani ba. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Kuɗin mota ya ninka a kan mai kwali biyar fiye da yadda ya ninka a kan mai tirela, domin shi kwali biyar ɗin ne za su ɗauki kuɗin kujerarsa zuwa da dawowa, da dako, da abincin rana. Sannan ka sayar da kaya da riba a lissafi, ka koma Singa ka tarar kuɗin ba za su sayi abin da ka sayar ba. Wanda ka ba bashi a watan jiya, ko ya biya cif, ya biya ka da kuɗin da suka rage daraja. Shaguna da yawa da ake cewa masu saye sun guje su, a gaskiya kantocin ne suka fara zama fayau, mutum ya zo sau biyu bai samu abin da yake nema ba, a na uku bai tsaya ba.

Haɗa kuɗi ba sabon abu ba ne a wurinmu, muna yin adashe tun kaka da kakanni. Abin da ba mu cika yi ba shi ne haɗa oda. Masu shago goma a gari ɗaya, kowa ya shiga mota ranar Litinin, su tarar da juna a gaban dila ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa farashin da aka ba shi. Da mota ɗaya suka ɗauka, da mutum biyu suka wakilta, da kuɗin mota ya ragu, da kuma sun kai adadin da kamfani zai ba su farashin dila ya kawo musu har gari. Na san abin da ke zukatanku, domin na ga wasu suna murmushi: wa zai riƙe kuɗin? Tambaya ce mai kyau, kuma a kanta irin wannan haɗaka takan mutu, ita da wani abu guda, wato ɗan ƙungiya ya ga ragin naira ɗari a wani wuri ya zame ya saya shi kaɗai, odar da aka yi alkawari ta gaza cika. Waɗanda suka yi nasara a Jamus da Amurka rubuta ƙa'ida suka yi, suka ɗauki ma'aikaci mai albashi wanda ba shi da shago, suka sa a riƙa bincika littafi, suka kuma yanka hukuncin wanda ya zame. Ni da za a bi shawarata, da kaya uku ko huɗu za a fara, waɗanda kowa ke sayarwa kuma ba sa lalacewa, kamar sukari da sabulu da taliya, a ajiye kuɗin a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a liƙa rasit ɗin kowace tafiya inda kowane ɗan ƙungiya zai gani.

Shugaban taro, na ga hannuwa sun fara tashi daga ɓangaren 'yan tireda, kuma sun fi ni sanin nawa ake sauke kwalin taliya a garin nan. Bari in zauna a ba su dama.